Katin Shayi Mai Bakin Zinariya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Daga mahaifinka Idrisu mai shayi, na unguwar Tandabawi a Makka, zuwa ga ɗana Hamza. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah Ya sa motar da ta ɗauke ka ta sauke ka Jidda lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Amin.

Bayan haka, na san za ka yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin dabinon da na ɗaure maka, alhali jiya muna zaune tabarma ɗaya ban ce maka komai ba. Akwai maganar da baki ba ya iya ɗauka a gaban ɗa, sai alƙalami. Na rubuta da Hausa ko da yake na san Larabci ya fi zama a bakinka. Inda ajamin ya shige maka duhu ka sake komawa a hankali, amma kada ka ba kowa ya karanta maka.

Za ka zauna a kantin mutumin da ke sayar da kan sarki da hotunan garuruwa da katunan nan da attajirai ke sawa cikin kayansu don talla. Ya ɗauke ka ne saboda ya ga kana da ido, kana duban kati ka faɗi abin da zai yi a kasuwa ba ka kauce ba. Idon nan a wurina ka samu, na sani. Abin da ban taɓa faɗa maka ba shi ne yadda ni na same shi. Ba a makaranta na koya ba. Ɓarna na yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, har ido ya buɗe.

Na shigo Makka ina saurayi, da ƙafa daga ƙasar Kano, shekara huɗu a hanya, mu yi noma a Wadai, mu tsinki auduga a Sudan, har Allah Ya ƙetarar da mu teku. Da aka gama aikin hajji ban da guzurin komawa, sai na kama aiki a wata gahawa, wato rumfar shan shayi irin ta mutanen nan, wadda daga baya ta zama tawa, inda ka girma. Aikina hura gawayi da cika samawar, wato babban tulun ƙarfen da ake dafa ruwan shayi, da buɗe ƙunshin ganyen shayi. A cikin kowane ƙunshi akwai ɗan kati da bai kai tafin hannu ba, gabansa hoton jirgin ruwa ko tashar jirage, bayansa lamba da sunan attajirin Jidda mai shigo da shayin. Jerin guda arba'in ne, wanda ya tara su duka ya kai, a ba shi butar shayi kyauta. Ni ban san wannan ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na gani shi ne takarda mai kauri mai saurin kama wuta.

Wata ranar da hantsi, cikin kwanakin hajji, wani Bamisire yana zaune yana jiran shayi. Magatakarda ne, kowace shekara yana zuwa tare da alhazan ƙasarsu, kowa Afandi yake ce masa. Na yaga ƙunshi, na zaro katin, na miƙa shi bakin gawayi. Sai na ji an cafke mini wuyan hannu.

Ya ce da Larabci, yana kira na da sunan da suke kiran mu mutanen yamma, "Haram alaik, ya Takruni! Me kake yi haka?"

Na ce, "Takarda ce, ya Afandi."

Ya karɓe, ya hure tokar, ya juya bayan. Gefe ɗaya ya riga ya ci wuta. Ya daɗe yana kallonsa kamar wanda aka nuna wa kabarin ɗan'uwansa, sannan ya ce, "Lamba goma sha bakwai. Shekara uku ina neman wannan." Ya bayyana mini cewa attajirin da gangan ya buga wannan lambar kaɗan ƙwarai, don kada kowa ya cika arba'in butocinsa su ƙare. A Misira kuwa akwai masu tara katunan nan, ba don buta ba, don sha'awa kawai, suna biyan kuɗi mai kauri a kan wanda ya yi wuya. Ya tambaye ni tun yaushe nake ƙona su. Na ce shekara biyu. Ya rufe fuska da hannu har shayinsa ya huce.

Har yau ban san nawa na ƙona ba. Ɗana, kada ka ce abu banza ne don kai ba ka san amfaninsa ba. Ka tambaya. Kunyar tambaya ta sa'a ɗaya ce. Za a riƙa kawo maka tarkace a tsumma, wasu har da warin kifi. Ka buɗe kowanne, ka duba kowanne, ko da mai kawowar ba shi da takalmi.

Daga ranar na fara ajiya a gwangwani, Afandi kuma ya zama malamina ba da niyya ba. Duk shekara idan ya zo sai ya zauna a kusurwar gahawa, in zube masa abin da na tara, yana zaɓa yana yi mini bayani. A bakinsa na ji cewa ba kyan hoto ke sa kati tsada ba. Ka fara tambayar kanka, irinsa nawa suka rage a hannun mutane? Wanda aka sa a kowane ƙunshi, ko ya kai wata kyau, kirshi ɗaya ya yi masa yawa. Wanda aka raba a kaka ɗaya aka daina, ko wanda aka ba manyan dillalai kaɗai ba a sa a ƙunshi ba, shi ne abin nema. Sannan ka duba lafiyar jikinsa, kusurwa huɗu da tsakiya da baya. Bayan wannan duka, ka san wa ke nemansa a yau, don kati ba shi da farashi sai akwai mutum biyu da ke son sa. Tsufa kaɗai ba daraja ba ne a wannan sana'a. Da tsufa daraja ne, da takalmina ya sayi rabin Tandabawi.

Sani kaɗan ya fi jahilci haɗari, ni shaida ne. Bayan shekara biyu Allah Ya sake kawo mini lamba goma sha bakwai. Wani mai gahawa a unguwar Utaibiyya ya ba ni shi a musayar gawayi. Yana da tabon shayi a sama, kusurwa ɗaya ta lanƙwashe, gefen ya ɗan yi gashi. Na ce bari in gyara shi kafin Afandi ya zo. Na jiƙa auduga na goge tabon, shuɗin tekun ya biyo audugar. Na ari dutsen guga wurin wani tela na danne shi, ƙyallin fuskar ya mutu. Na ɗauki almakashi na daidaita gefen. Ni a ganina ya fito fes kamar ango.

Afandi ya karɓa. Ya zaro wani kati daga aljihu ya ɗora a kai. Nawa ya gaza da kamar faɗin ƙwayar shinkafa.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Haka na same shi."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Ya Idris, da ka kawo shi da tabonsa, da na ba ka riyal biyar ina godiya. Yanzu wannan gawar kati ce. Amma ba ita ta fi ba ni haushi ba. Ka ce haka ka same shi."

Shekarar nan bai sayi komai a hannuna ba, shayi ma a rumfar gaba ya riƙa sha. Sai da na je na tsuguna na faɗi gaskiya ya dawo. Saboda haka kada ka wanke, kada ka goge, kada ka yanke, kada ka manna. Abin da zamani ya yi wa kati mai saye zai yafe, abin da hannunka ya yi masa ba zai yafe ba. Kuma aibun kaya kai za ka fara nunawa tun kafin mai saye ya gani. Jidda gari ne mai laima, ba kamar nan ba. Ka sa farar takarda tsakanin kati da kati, kada ka jingina akwati da bango, kada ka taɓa fuskar hoto da hannun da ya taɓa gumi. Tun da aka gama babban yaƙin nan na Turawa jabu ya yi yawa, don katunan da sun daina zuwa, masu nema kuma sun ƙaru. Ka ɗaga wa hasken rana, ka shinshina. Tsohuwar takardar da ta kwana cikin shayi ba ta rabuwa da ƙamshinsa, sabuwa kuwa tawada take wari.

Waɗannan biyun asarar kuɗi ce da kunya, sun wuce. Biyun da suka rage ba su wuce ba.

Na auri mahaifiyarka Hajara, Allah Ya jiƙanta, 'yar mutanen Katsina ce da aka haifa a hanya. Mahaifinta ya rasu a Sawakin suna jiran jirgi, can aka binne shi tana 'yar shekara tara. Wata rana tana taya ni jera katuna, ta ga ɗaya mai hoton fararen gidaje a bakin ruwa. Ta tambaye ni ina ne nan. Na karanta mata, Sawakin. Ta ce in bar mata. Lamba takwas ce, irin wadda ake samu a kowane lungu, sai na ce ta ɗauka. Ta sa shi cikin kwallarta.

Kafin kai mun sami 'ya mace. Ka san da ita, amma ba mu cika zancenta ba, ni kuma ba na kiran sunanta, 'yar fari ce. Lokacin da take fitar da haƙora komai ta samu sai baki. Ta rarrafa ta jawo katin nan daga kwalla, ta tauna kusurwarsa, ta bar shaidar haƙora biyu na sama da biyu na ƙasa. Uwarka ta ƙwace tana dariya tana cewa, "Kin cinye garin kakanki." Bayan wata uku zazzaɓi ya shigo unguwa bayan tashin alhazai. Kwana huɗu yarinyar ta yi, Allah Ya karɓi abinsa.

Hajji na zagayowa, wani Ba'indiye mai kanti ya zo yana neman jeri cikakke zai kai wa ɗansa. Na jera masa, sai na tarar lamba takwas ta ƙare mini, abin dariya, wadda ta fi kowace yawa. Yana sauri zai bi ayari. Na ruga gida, uwarka ta tafi ɗebo ruwa, na buɗe kwalla na ɗauko. Na nuna masa kusurwar na ce wannan ya lalace, ba zan sa masa kuɗi ba, gyara ne. Ka ji fa, gyara na ba da shi.

Da la'asar ta buɗe kwalla. Ta ce, "Malam, ina katina?"

Na ce, "Na cika wa wani jeri da shi. Kada ki damu, ba shi da wata daraja, ga shi ma a tattaune. Gobe zan kawo miki sabo fil."

Ta tsaya da murfin kwallar a hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Sabon, wa ya tauna shi?"

Wallahi sai a lokacin na tuna. Ni da ke ganin tsagar da ba ta kai gashi ba a jikin kati, na dubi haƙoran 'yata na ga aibun kaya. Na fita da gudu har inda ayari ke tashi, sun riga sun ɗaga. Na bi sawu wajen gari har ƙafata ta fashe, ban same su ba. Washegari duk da haka na kawo mata sabon, don wauta ba ta ƙarewa a rana ɗaya. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce ta gode, ta mayar mini cikin gwangwanina. Mun yi shekara goma sha ɗaya tare bayan wannan, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ba ta kuma ƙara zama ta taya ni jera katuna ba.

Hamza, idan mutum ya kawo maka abu ya ce nawa zai yi, ka faɗa masa abin da kasuwa za ta biya, wannan aikinka ne. Amma kada ka taɓa cewa ba shi da daraja. Ka ce, kasuwa ba za ta biya ka abin da yake a wurinka ba. Idan ka ga yana jinkiri wajen miƙowa, ka tambaye shi inda ya samu, ka saurara. Wani ba sayarwa ya zo yi ba, so yake wani ya duba tare da shi. Kuma abin da ka ba matarka ya zama nata, ko tsinke ne, kada ka buɗe mata kwalla ba ta nan.

Yanzu ga wadda ta sa na ɗauki alƙalami.

Ina da aboki, Tanko, mutumin Zazzau. Ba ka san shi ba, ya rasu kana ƙarami. A Wadai muka haɗu, muka ƙarasa hanya tare. Ya fito da mahaifiyarsa, amma da muka kai Kasala a Sudan ƙafafunta suka gaza, ya bar ta wurin wasu 'yan garinsu da alkawarin zai sauke farali ya dawo ya ɗauke ta. Guzuri ya ƙare masa kamar yadda ya ƙare mini. Ya zauna a Nakkasa a wata 'yar bukka a jikin dutse, yana dako. Shi ya ɗauke ni a baya kwana biyu lokacin da ciwon ciki ya kayar da ni a hanya. Bai iya karatu ba, ko na allo bai yi nisa ba, saboda haka duk takardar da ta shiga hannunsa ni yake kawo wa. Yakan ce, "Idi, ara mini idonka."

Akwai wani kati da Afandi ya daɗe yana ba ni labari, ban taɓa gani ba. Attajirin shayin ya sa an buga shi musamman don manyan dillalansa, mai bakin zinariya, da hoton babban jirgin alhazai. Masu bugawar can ƙasar Turai ba su san Larabci ba, suka juya sunan jirgin ya koma baibai. Da attajirin ya gani ya ji kunya, ya sa a tattara a ƙone tun ba a gama rabawa ba. Afandi ya ce bai san ko guda biyar sun tsira ba.

Watan da za a haife ka, alhazan Sudan suka kawo wa Tanko saƙo cewa tsohuwa tana kwance, tana kiran sunansa. Ya zo gahawa da azahar, babu kowa sai ni. Ya cire hula, ya zaro wani ƙunshin tsumma daga cikinta, ya warware. Bakin zinariya. Suna baibai. Ko ƙura babu. Ashe shi ya yi dakon buhun da aka kai ƙonawa daga ma'ajiyar wakilin attajirin, ɗaya ya faɗo, ya ce yana so, wakilin ya ce ɗauki. Shekara huɗu yana cikin hularsa.

Ya ce, "Idi, ara mini idonka. Ina haɗa kuɗin jirgi zuwa Bur Sudan, abin da ke hannuna ko rabi bai kai ba. Na sayar da bargona da tukunya. Wannan zai yi wani abu?"

Nan take na gane shi. Afandi yana gari a lokacin. Na san abin da zai biya zai kai Tanko Kasala ya dawo da shi. Ina so in ce maka yunwa ce ta sa ni, amma ba yunwa muke ji ba. Uwarka tana da tsohon ciki, mun riga mun binne ɗaya, ina so idan ka zo in yanka rago babba, in tara mutane, kada a ce mai shayi ya yi suna da ɗan akuya. Abin ke nan, ba wani abu ba.

Na juya katin kamar ina nazari. Na ce, "Ka ga rubutun ma a karkace yake. Ɓatacce ne, shi ya sa suka zubar. Amma saboda kai, kawo in ba ka rabin riyal."

Ya ce, "To, Allah Ya amfana. Da ma na ce ko da wani abu." Ya karɓa, har ya yi mini godiya.

Kafin magariba na kai wa Afandi. Ya tashi tsaye, ya sumbaci goshina, ya ƙirga mini jine uku na zinariya. Na roƙe shi kada ya faɗi inda ya samu, ya ce to. Amma mai sha'awa ba ya iya ɓoye farin cikinsa. Kwana biyu bayan nan ya zo gahawa da abokansa, ya fito da katin yana nuna musu, yana faɗin abin da ya biya da ƙarfi. Tanko yana bakin rumfa, ya kawo mini buhun gawayi, bai ko sauke ba. Shekarun da ya yi yana dako sun koya masa Larabcin da zai gane jine uku. Ya dubi katin, ya dube ni. Ya sauke buhun a inda ya saba saukewa, ya ce, "Ga gawayinka, Idi." Ya tafi.

A lokacin kuɗin suna ɗaure a lalitata, jiragen alhazai ba su gama tashi ba. Da na bi shi a ranar, da ya tafi. Na ce gobe. Gobe ta yi na ce bari a sauka lafiya tukuna. Aka haife ka. Na sayi rago.

Ɗana, ragon sunanka da kuɗin katin Tanko na saye shi.

Ya zo sunan. Ya zauna cikin mutane, aka miƙa masa kai, ya karɓe ka, ya tofa maka addu'a mai tsawo, ya ce Allah Ya sa ka zama mai gaskiya. Aka kawo nama ya ce yana azumi. Jirage suka tashi ba shi. Ya ci gaba da dako yana tarawa kaɗan-kaɗan don baɗi. Da baɗi ta zo, alhazan farko da suka sauka suka kawo labarin tsohuwa ta rasu tun wata na uku bayan saƙon, kuma har ta cika tana tambaya ko jirgi ya iso.

Sai a lokacin na hau Nakkasa. Na sayar da duk abin da ke cikin gwangwanina na haɗa jine ukun. Na same shi a ƙofar bukka yana ɗinkin igiyar dako. Na yi masa ta'aziyya, na tsuguna, na ajiye kuɗin a gabansa, na faɗi abin da na yi da bakina tun daga farko, ko da yake ya sani.

Bai taɓa kuɗin ba. Ya ce, "In je ina da su yanzu?"

Na ce, "Ka yafe mini, Tanko, don Allah."

Ya ce, "Idi, da ka ce mini kana so, da na ba ka kyauta. Wallahi da na ba ka. Da ka ce mini zai yi jine uku, da na ce mu raba, ka yi sunanka in yi tafiyata." Ya ci gaba da ɗinkinsa. Can ya ce, "Na yafe maka, duniya da lahira. Kwashe kuɗinka, ka yi wa tsohuwa sadaka da su in kana so. Abin da ya dame ni ɗaya ne. Yanzu idan takarda ta zo, ban da wanda zan tambaya."

Ya rayu shekara biyar bayan wannan. Kullum muka haɗu sai ya gaishe ni, ya tambayi lafiyarka. Gawayi bai fasa kawo mini ba. Amma takardunsa wurin wani mai rubutun wasiƙa a bakin Harami yake kaiwa, yana biyan kirshi biyu a karanta masa, ni kuwa ina nan zaune, taku kaɗan tsakaninmu. Na sha ganinsa a layi da takarda a hannu. Ina cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa.

Ga abin da nake so ka riƙe, ko ka manta da duk sauran. Wanda ya kawo maka kaya ya ce ka kimanta masa, ba kayan ya ba ka ba, makantarsa ya ba ka amana. Kada ka sayi abin da kai ka yi wa farashi. Idan mai kantin yana so, ka faɗa wa mai kayan gaskiyar kimarsa a gaban mai kantin, ka kuma gaya masa ya je ya ji bakin wani kafin ya sayar. Wataƙila wannan ya ɓata wa maigidanka rai. Wataƙila ya kore ka. Idan ya kore ka a kan haka, ka hau mota ka dawo, samawar tana nan, za mu ci abin da Allah Ya hore. Idan kuwa ka zame, don ɗan Adam ne kai, to ka gyara kafin rana ta faɗi. Laifina na azahar ɗaya ne, amma goben da na yi ta faɗa ita ta hana Tanko ganin uwarsa.

Ba na so ka ɗauki nauyin nan a kanka. Kai jariri ne, ba ka ci ba, ba ka sha ba, sunanka halal ne, na tambayi malamai tun tuni. Na faɗa maka ne don na ga yadda kake kallona idan ina duba kati, kamar wanda bai taɓa kuskure ba, na ji tsoron kada ka tafi da wannan hoton nawa ka yi zaton ido kaɗai ya isa.

Ka tsare salla a kan lokacinta. Ka nemi mutanenmu na Jidda ka gaishe su, kada ka ji kunyar Hausarka a gabansu ko tana tuntuɓe. Idan ka yi addu'a ka sa mahaifiyarka da yayarka, ka sa Tanko da tsohuwarsa.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya tsare ka daga zazzaɓin bakin teku da abokin banza da kwaɗayin da ke zuwa da rigar larura. Ya sa hannunka ya zama mai albarka, harshenka ya zama abin dogaro ga wanda ba shi da kowa. Ya dawo mini da kai lafiya, in kuwa kwana ya ƙare kafin nan, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Idan za ka ba da amsa, ka ba direban da ya kai ka, yana dawowa ranar Alhamis. Ba sai ka ce komai a kan abin da ka karanta ba. Ka dai rubuto mini cewa ka sauka lafiya, kuma har yanzu ni ne babanka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idrisu